Dawakinmu na ɗingishi bayan hawan Sallah

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan dawakin da muke hawa da Sallah, musamman yanzu da UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Duk wanda ya leƙa barga washegarin Hawan Nassarawa zai tarar da doki yana tsaye ya ɗage ƙafa ɗaya, kofato ya ɗau zafi, jijiyar bayan ƙwauri ta kumbura. Sai ka ji ana cewa kambun baka ne. Wallahi yawanci aikin hannunmu ne.

Masu tseren dogon zango a Dubai da Faransa kan sa doki ya ci kilomita 160 a yini guda, kuma ɗingishi shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke fitar da doki daga gasar. Dalilan da suka gano su ne namu: ƙasa mai tauri tana dukan gaɓoɓi, tsakuwa tana ƙuje tafin kofato, idan gajiya ta kama tsoka kuma sai nauyi ya koma kan jijiya ta yage. Mu fa a kan kwalta muke sukuwa, da sirdi da jalala da ƙato a bisa, sannan a wurin jahi a fizgi linzami doki ya tsaya cak yana tsakar gudu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne turke. Doki ya yi wata da watanni a ɗaure, ana ɗura masa gero da dusa don ya yi ƙiba ya burge, babu kilisa ko ta safe, rana ɗaya a fito da shi ya wuni cikin rana ba ruwa. Hatsi mai yawa kaɗai yana iya kumbura naman cikin kofato har doki ya kasa takawa. Wani kuma tsokar cinyarsa ce ke sandarewa, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Wannan doki likita yake nema, amma sai a ƙara masa kaimi.

A waccan gasa ta dogon zango ana tsayar da doki zango-zango, likitan dabbobi ya auna bugun zuciyarsa, sai ya sauko zuwa 64 a minti, sannan a ja shi ya yi sassarfa a gabansa. Ya yi ɗingishi, hawan ya ƙare, ko na wane ne.

Ina roƙon masarautunmu, ta hannun Shamaki mai kula da dawakin sarki, su ajiye likitan dabbobi a inda ake taruwa da kuma tsakiyar hanya, su ba shi ikon sauke mahayi. A kuma fara kilisa da yankan kofato tun kafin azumi ya kama.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki, daga Kano