Kalmarmu ta wannan mako: "very"

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kalmar "very" za mu tattauna ranar Asabar bayan Isha'i.

Daga tsohon Faransanci "verai" ta shigo Turanci a ƙarni na 13, da ma'anar "na gaskiya", daga baya ta koma "ƙwarai". Tsohuwar ma'anar na nan a "this very day", wato yau ɗin nan.

Abin da ya fi damuna, yawancinmu na ɗora ta kan aikatau (kalmar aiki, kamar "like"). "I very like it" kuskure ne, a ce "I like it very much". Kuma daban take da "too": shayi "very hot" yana kurɓuwa, "too hot" kuwa sai ya huce.

Don Allah kowa ya turo jimla biyu kafin Asabar.