Kun katse likita don tallar maganin basir

Zuwa ga Shugaban Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Shirin lafiya na daren Laraba ne ya sa na rubuto, kuma ba yabo na kawo ba.

Likitar da ke cikin shirin tana tsakiyar bayani mafi amfani da na taɓa ji a gidan rediyonku. Ta ce ƙananan halittun da suka cika babban hanji ba duka ne mugaye ba. Wasu suna cin dusar gero da wake da ganyen da cikinmu bai narkar ba, su fitar da sinadarin butirat, wanda ke ciyar da bangon hanji, ya kwantar da kumburi. Wasu kuwa, irin Fusobacterium da ke zaune a baki, ana tarar da su cikin ƙarin sankarar hanji, har suna hana sojojin jini kai mata farmaki. Ta fara zancen wata irin halittar, wato E. coli, mai dafin da ke ɓata ƙwayar halitta, sai mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure. Me ya biyo baya? Tallar mai maganin basir da wankin ciki, har da lambar waya sau biyu!

Wallahi raina ya ɓaci. Ta wannan hanyar yayana ya tafi. Ya ga jini a bayan gida, kowa ya ce basir ne. Ya sha jiƙo, ya sha wankin ciki har ƙafa ba ta ɗaukarsa, ya riƙa sayen Flagyl da kafso, masu kashe ƙwayoyin cuta, wurin masu tallar magani a tasha, yana watsawa baki kamar gyaɗa. Wando ya daina zama a ƙugunsa sai da igiya. Da muka kai shi Yamai aka zura kyamara a hanjin, likita ya dube mu ya ce: "Alhaji, ina kuke tun bara?" Ban ce kafso ne ya sa masa sankarar ba. Amma likitarku da bakinta ta ce irin wannan magani ba ya tantance na kirki da mugu, duk sharewa yake, ku kuma kuka miƙa wa mai wankin ciki makirfo.

Ɗiyata mai karatun jinya ta ce a 2010 an gwada yaran wani ƙauye na Burkina Faso masu cin gero da dawa da wake, aka tarar cikinsu ya fi na yaran Italiya ire-iren halittun nan da sinadaran kariya. Abincinmu ne fa, tuwo da fura da kwaɗon zogale, wanda yaranmu suke gudu yanzu saboda taliya da lemun kwalba. Wannan bai cancanci minti goma ba?

Ku dawo da matar nan, ku bar mata shirin gaba ɗaya, ta faɗa ƙarara cewa wanda ya ga jini a bayan gida, ko yana rama ba dalili, asibiti zai nufa.

Af, lambar da kuke cewa a kira, kullum a rufe take ko ta yi ta ƙara ba mai ɗauka. Mu na Tawa ba masu saurare ba ne?

Mai sauraronku,
daga Tawa