Wasiƙa zuwa ga aminina da ke Duwala

Garwa, Kamaru

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya lau sai zafi, Binuwai ya ja baya har yashi ya fito. Na biya gida na gaida Inna, tana nan ƙalau, ta ce shirunka ya yi yawa.

Saƙon muryar da ka turo na saurare shi har ƙarshe, kuma wallahi hankalina bai kwanta ba. Shi ya sa na zauna na rubuto, don a waya kullum sai ka katse ni da "ba komai".

Ka ce wataƙila kai ne ba ka da juriya. Ban yarda ba. Wanda ya yi lodin auduga cikin zafin ranar Garwa ba za a kira shi rago ba. Aiki mai wuya jiki yake gajiyarwa, ka kwana ka tashi garau. Abin da ka ba ni labari wani abu ne daban. Manaja ya zage ka gaban yaran da ke ƙarƙashinka. Ya ba ka umurni da baki da safe, da yamma ya rantse bai faɗa ba, laifin ya dawo kanka. Ka yi aiki mai kyau ya zama nasa. Ga 'yan kai tsegumi, har ba ka san da wa za ka ci abinci ka saki jiki ba. Albashi kuma sai ran da aka ga dama. Ka zauna ka ƙirga mutanen da suka bar wurin tun zuwanka. A wannan zamani ba wanda ke barin abincinsa haka kawai, kuma ba zai yiwu dukkansu su zama marasa haƙuri ba.

Abin da ya fi damuna jikinka ne. Ba ka barci, kai na ciwo, daren Lahadi gabanka na faɗuwa, ka koma gida kana yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba yana ƙarar da mutum: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, hannun da ya ƙware ya soma kuskure. Don Allah ka je asibiti a auna maka jini, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ke faruwa. Uwargida ma ka buɗe mata cikinka, kada ta zaci ita ce ta yi laifi.

Na san za a yi ta ce maka ka yi haƙuri, aiki ya yi wuyar samu. Gaskiya ne, kuma haƙuri ibada ne. Amma addinin da ya koya mana haƙuri shi ne ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa tun guminsa bai bushe ba. Neman haƙƙinka ba butulci ba ne.

To, ga shawarata. Ka sayi ƙaramin littafi, duk abin da ya faru ka rubuta rana da sa'a da waɗanda ke wurin. In manaja ya ba ka umurni da baki, ka bi shi da saƙon WhatsApp cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ga yadda na fahimci aikin da ka sa ni." Kwantiragi da takardun albashi ka ajiye su a gida, ba a ofis ba. Ka kuma je ofishin CNPS, hukumar fansho da inshorar ma'aikata, da kanka ka duba ko ana zuba maka kuɗin da ake yanka a albashinka, don akwai masu yanka su riƙe.

Doka ma ba ta bar ka kai kaɗai ba. Dokar ƙwadago ta 1992 ta ƙayyade awa 40 a mako ga irin aikinka, abin da ya haura sai an biya shi daban. Kana da hutun kwana ɗaya da rabi a kan kowane wata da ka yi aiki. Wurin da ma'aikata suka kai 20 ya kamata a ce akwai wakilansu da suka zaɓa, ka nemi naku. In abin ya ƙi, akwai sufeton ƙwadago, shi ke fara zaman sulhu kafin magana ta kai kotu. A can littafin nan naka zai yi maka rana.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka ajiye aiki cikin fushi. Sau da yawa abin da ake so ke nan, a matsa maka har ka tafi da ƙafarka, a huta da biyan kuɗin sallama. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta a natse ba. Ka ci gaba da zubin adashe, ka soma neman wani wuri a ɓoye, ban da gaya wa abokan aiki. Ranar tafiya ka ba da sanarwa kamar yadda doka ta ce, ka karɓi takardar shaidar aiki. Ni ma na soma tambaya nan da Ngawundere.

Ka aiko min da hoton kwantiragin in nuna wa wanda ya san doka. In an ba ka hutun Sallah ka hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, zan tarbe ka mu ƙaraso tare. Ka gaida uwargida da yara, da 'yan'uwa na unguwar New Bell. Allah Ya kawo maka mafita, Ya kare ka daga sharrin azzalumi.

Naka har kullum,
Amininka na Garwa