Cashel: mazaɓar da aka soke saboda cinikin ƙuri'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in kawo wa masu karatu tarihin wata tsohuwar mazaɓa a ƙasar Ailan, ganin yadda batun sayen ƙuri'a ya ƙi barin bakin jama'a.

Cashel ƙaramin gari ne a gundumar Tipperary, kuma a can da shi ne mazaunin sarakunan Munster, yankin kudancin Ailan. Har zuwa 1800 wakilai biyu yake aikawa majalisar dokokin Ailan da ke Dublin. Da aka haɗe Ailan da Birtaniya a 1801 sai aka rushe wannan majalisa, aka soke wakilcin garuruwa 84, aka kuma biya masu riƙe da su diyyar fam 15,000 a kan kowane gari, tamkar an karɓe musu gonar gado. Cashel ya tsira da kujera ɗaya a majalisar Landan.

Ita ma wannan kujera ba ta mutanen gari ba ce, domin iyalan Pennefather, waɗanda suka kankane majalisar garin, su ne masu wuƙa da nama. A 1809 Robert Peel, saurayi ɗan shekara 21 daga Ingila, ya same ta ba hamayya da ƙarfin dukiyar mahaifinsa mai masaƙun auduga, a lokacin da masu ƙuri'a ba su wuce 24 ba. Wannan saurayi shi ne daga baya ya zama firaministan Birtaniya har sau biyu.

Gyaran dokar zaɓe na 1832 ya ba magidanta masu gidan da kimar hayarsa ta kai fam 10 a shekara damar zaɓe, amma cinikin bai mutu ba, sai dai ya sauya hannu daga gida ɗaya zuwa magidanta kimanin 200. Dalili kuwa a fili yake: a wancan zamani mai zaɓe yakan tsaya ne a bainar jama'a ya ambaci sunan ɗan takararsa da babbar murya, akawu ya rubuta a littafi, alhali wakilin wanda ya ba shi kuɗi da maigidan da yake haya a gidansa suna tsaye suna ji. Bayan zaɓen 1868 kotu ta soke nasarar James Lyster O'Beirne saboda cin hanci, kwamitin bincike ya gano cewa ɓarnar ta yi wa garin katutu, kuma a 1870 majalisar Landan ta yi dokar da ta ƙwace kujerun Cashel da wani garin Ailan mai suna Sligo, aka mayar da Cashel cikin mazaɓar gundumar Tipperary.

A ganina wannan hukunci bai yi adalci ba, kuma abin yana yi mini ciwo. Manyan da suka mallaki garuruwa dungurungum diyya aka ba su, amma da ƙananan magidanta suka sayar da tasu ƙuri'ar sai aka hukunta gari baki ɗaya, har da waɗanda suka ƙi karɓar ko sisi. Majalisar da ta bar zaɓe a bainar jama'a tsawon waɗannan shekaru ita ma tana da nata laifin, domin sai a 1872 ta kawo dokar jefa ƙuri'a a asirce, kuma ko bayan nan ba a mayar wa Cashel kujerarsa ba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya