A Buɗe wa Masu Kallo Filin Sharhin Wasannin Kwaikwayo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ra'ayoyin masu kallon wasannin kwaikwayo da fina-finan Hausa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura ra'ayin nan ya cika bakin jama'a a gidaje da majalisu, amma kaɗan daga cikinsa ne yake isa kunnen masu shirya wasannin ta hanyar da za su iya aiki da shi.

Mu mutanen Zazzau ba baƙin wannan harka ba ne. A nan Zariya Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, kuma da aka mayar da shi wasan talabijin, ɗan garin nan, marigayi Kasimu Yero, yana cikin waɗanda suka riƙe shi. Waɗanda suka yi wayo a zamanin Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi za su tuna yadda yaran unguwa kan yi dafifi a gidan da ke da akwatin talabijin, washegari kuma a wuni ana maimaita maganganun wasan. A lokacin mai kallo ba shi da wata hanya ta mayar da martani sai ya rubuta wasiƙa zuwa gidan rediyo ko talabijin a Kaduna. Ko bayan da fim ɗin bidiyo ya kankama a Kano da Turmin Danya a 1990, sai da mujallu irin su Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, suka zo kafin muryar mai kallo ta samu wurin zama a rubuce.

Yau lamarin ya juya. Kasuwar faifai ta mutu, satar fasaha da masu tura fina-finai a waya sun gama da ita, sai masu shiryawa suka koma yin wasanni masu dogon zango, wasu a tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014, wasu kuma a YouTube. A YouTube ɗin, kuɗi yana shigowa ne daga tallace-tallace, tallan kuma yana bin yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka ɗauka suna kallo. Na'urar da ke lissafi ba ta bambanta wanda ya kalla yana jin daɗi da wanda ya kalla yana tsaki. Wannan ne ya sa ƙorafin da aka fi yi, wato jan labari, bai sauya komai ba. Mutum zai ce an cika ja, an ɗauki mako uku ana shirin aure guda, an shigo da mutanen da ba su da aikin yi a labarin, amma ranar da sabon kashi ya fito shi ne na farkon buɗewa. A wurin mai shiri, buɗewar nan ita ce ra'ayinsa, sauran maganar iska ce.

Abin da ya fi damuna shi ne inda muke kashe ƙarfinmu. Mafi yawan abin da ake rubutawa a Facebook da TikTok a kan 'yan wasa ne, ba a kan wasan ba: wa ya fi wa kyau, wa ya fi wa mabiya, wace ce ta yi aure, wace ce ta fito. Masoya sun rabu gida-gida, kowane ɓangare yana kare gwaninsa ko da ya yi kuskure a fili, yana kuma zagin na wancan ɓangaren har da iyayensa. Akwai ma waɗanda har yanzu ba su raba ɗan wasa da rawar da aka ba shi ba, su tsani mace don ta fito a muguwar kishiya, alhali ƙwarewarta ce ta sa suka ji zafin. Marubucin labari kuwa, wanda shi ne ya ɗaura ya kuma kwance, da wuya ka ji an ambaci sunansa, ko don yabo ko don gyara.

Duk da haka, ban yarda da masu cewa mai kallon Hausa bai san abin da yake kallo ba. A gidanmu da ke Tudun Wada, matan gida kan haɗu bayan sallar isha'i su kalli wani wasa a waya ɗaya da aka jingina da filas ɗin shayi. Rannan aka nuno matar da mijinta ya rasu, ba a ko yi sadakar bakwai ba, ga ta da jan baki da sabon lalle tana shirin zuwa biki. Yayata ta sa aka tsayar da wasan, ta ce wanda ya rubuta wannan bai taɓa zama a gidan da ake takaba ba, ta kuma tuna wa yara cewa wata huɗu ne da kwana goma. Wata kuma ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda uwar, wadda aka ce mutuniyar ƙauye ce mai shekaru, take kwaɗa wa ɗanta na fari kira da sunansa gatsal, babu ko ɗigon kunya. Wannan sharhi ne na gaske, mai hujja, wanda marubuci zai ƙaru da shi, amma a tsakar gida ya tsaya, domin waɗannan mata ba za su shiga cikin masu zage-zage a intanet ba, kuma ina ganin sun yi daidai.

Haka abin yake a wasannin barkwanci. Tun rasuwar Rabilu Musa Ibro a 2014 ake ta cewa ba a samu madadinsa ba, amma ba a cika tsayawa a faɗi abin da ya ɓace ba. A ganina shi ne dariyar da ke fitowa daga halin mutane da sarrafa harshe. Yanzu sau da yawa ihu da duka da kwaikwayon masu lalura ne ake kira barkwanci, kuma iyaye da dama suna ƙyamar hakan ba tare da sun samu inda za su faɗa ba.

Su ma masu shiryawa ina ba su haƙuri su daina ɗaukar duk mai gyara a matsayin maƙiyi ko ɗan hassada. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, aikinta duba abin da ya shafi tarbiyya da doka ne. Ba ita ce za ta ce labari ya yi rauni ko magana ba ta dace da bakin mai yin ta ba, wannan aikin masu kallo ne.

Don haka roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridar nan ta ware shafi guda a kowane mako domin sharhin masu kallo, da sharaɗin a yi magana a kan labari da harshe da al'ada da aikin kyamara, a bar rayuwar 'yan wasa ta gida, kuma duk wanda aka yi sharhi a kan aikinsa a ba shi damar amsawa a mako na gaba. Marubuta ba za su yi wuya ba. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai sashen nazarin wasan kwaikwayo, akwai kuma na harsunan Afirka, ɗalibansu suna rubuta kundaye a kan waɗannan wasanni, kundayen kuma a ɗakin karatu suke ƙarewa. A gayyace su su taƙaita bincikensu da Hausa mai sauƙi, a kuma karɓi saƙon murya daga matan gida da dattawan da rubutu zai yi musu nauyi, ma'aikatanku su mayar da shi rubutu.

Na gode da wannan dama. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Mai karanta jaridarku,
Tudun Wada, Zariya.