Sulhun da aka yi da wulaƙanci yakan haifi wani yaƙin

Malam Edita, assalamu alaikum.

A fadojin shayi na Damagaram, da zarar an taɓo batun tubabbun ƴan Boko Haram da aka tara a Gudumariya, sai ka ji ana cewa a gama da su kawai. Zafin maganar a fili yake, mutane sun rasa ƴan uwa da dukiya. Duk da haka muna roƙon masu karatu su dubi abin da ya sami Jamus.

Ranar 28 ga Yuni 1919 aka sa hannu a yarjejeniyar Bersay, wadda aka ƙulla da Jamus bayan ta sha kaye a yaƙin duniya na farko. Ba a zaunar da Jamusawa wurin shawara ba, takarda aka miƙa musu. Sashe na 231 ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar yaƙi. Aka rage sojojinta zuwa 100,000, babu tanka, babu jirgin yaƙi na sama. Kamaru da Togo, da Jamus ta yi wa mulkin mallaka, aka raba su tsakanin Faransa da Ingila. A 1921 aka yanke wa Jamus diyyar mark (kuɗin ƙasar) na zinariya miliyar 132.

Da ta gaza kai kwal da katako kan lokaci, Faransa da Beljiyam suka mamaye yankinta na Ruhr a Janairun 1923. Ma'aikata suka shiga yajin aiki, gwamnati ta dinga buga kuɗi tana biyansu. Zuwa Nuwamba dala ɗaya ta kai mark miliyar 4,200; tarin da magidanci ya yi shekaru yana yi bai isa burodi ba. Sojojin da aka sallama babu aiki kuwa da yawansu ƙungiyoyin ƴan bindiga suka faɗa. A kan wannan ɓacin rai Hitler ya hau. Abin takaicin, waɗanda suka gindaya sharuɗɗan ba su iya tsare su ba: a 1936 ya tura soja yankin Rhin, inda yarjejeniyar ta hana Jamus ajiye soja, babu wanda ya tare shi.

Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945 an canza hanya. Shirin Marshall, tallafin Amurka na sake gina Turai, ya haɗa da Jamus ta Yamma, a 1953 kuma aka yafe mata kusan rabin bashinta a Landan. A Iraƙi kuwa, bayan mamayar Amurka, an rushe rundunar soja a Mayun 2003, dubban masu iya harbi suka koma gida hannu rabbana, tawaye ya biyo baya.

Roƙonmu ga mahukunta shi ne, mai jini a hannu a kai shi kotu. Sauran a sallame su da sana'a da jari, a riƙa bibiyarsu, a kuma fara biyan diyya ga ƙauyukan Diffa da aka ƙona kafin a mayar musu da tubabbun.

Wasu malaman tarihi,
Damagaram