Wasiƙa zuwa ga abokan cinikinmu kan haɗa waya da kwamfuta da sauran na'urori

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da 'yan'uwanmu da ke kawo mana aiki a shagonmu na kusa da babbar kasuwar Garwa, muna gaishe ku, muna kuma godiya da amanar da kuke ba mu. Abin da ya sa muka rubuto muku shi ne yawan wayoyin da ake kawo mana da kukan cewa kwamfuta ta ƙi ganinsu, alhali idan muka duba sai mu tarar wayar lafiyarta lau, kebul ɗin ne bai dace da aikin ba. Ba ma so mutum ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba.

Kebul na USB da aka saba da shi iri biyu ne, ko da yake a ido kamarsu ɗaya. Mai ɗaukar bayanai yana da sili huɗu a cikinsa, biyu na wuta, biyu na bayanai, shi kuwa mai arha da ake talla a bakin titi sau da yawa silin wuta kaɗai aka sa masa, don haka zai cika batir amma ko hoto ɗaya ba zai tura ba. Ko kebul ɗin mai kyau ne, wayar Android takan tsaya a kan caji har sai an buɗe makullinta, an jawo sanarwar da ke saman fuska, an zaɓi tura fayil. A wayar da aka saita da Faransanci za ku ga an rubuta Transfert de fichiers.

Sai maganar ƙura. Da hunturu, ƙura da zaren aljihu sukan dunƙule a cikin ramin caji har kan kebul ya kasa shiga sosai, mutum ya riƙa danne shi da yatsa kafin ya kama. Muna roƙonku kada ku sa allura, domin tana karce ƙananan haƙoran da ke ciki. Haka kuma kan micro-USB, wato irin na tsofaffin wayoyin Android, ta fuska ɗaya yake shiga, tura shi da ƙarfi a juye ne ke karya harshen ramin. USB-C, wanda iPhone ma ta koma gare shi tun daga iPhone 15 a 2023, ta kowace fuska yana shiga.

Game da infirared, wato hasken da ido ba ya gani da na'urori ke aika saƙo da shi ba tare da kebul ba, ana yawan haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Na tsofaffin wayoyi irin Nokia 6310i da 6610 wata 'yar baƙar taga ce da ke tura lambobi da hotuna, amma sai tagogin biyu sun fuskanci juna, tazara ba ta wuce mita ɗaya ba, kuma babu abin da ya gifta tsakani. Lambar waya nan take take wucewa, babban fayil kuwa sai an yi haƙuri na mintuna. Wanda ke saman wasu sababbin wayoyi irin Redmi aikin rimot kawai yake yi, ya kunna talabijin ko na'urar sanyaya ɗaki, ba ya tura fayil ba ya karɓa. Duk wanda ya ce muku akasin haka a wajen ciniki, bai gaya muku gaskiya ba.

Har yanzu muna ajiye da tsohuwar kwamfuta mai tagar infirared, da manhajar Nokia PC Suite da kebul na DKU-5, saboda dattawanmu, musamman fataken shanu na Adumri da 'yan kasuwar Pitowa, waɗanda lambobin abokan hulɗarsu na shekaru suke cikin wayar kanta, ba a kan SIM ba. Alhaji, idan wayarka irin wannan ce, ka kawo ta tun tana kunnuwa, domin idan ta mutu aikin yakan gagara. A gabanka za mu kwashe lambobin, kuma a gabanka za mu goge abin da ya rage a kwamfutarmu.

Daga yanzu gwajin kebul kyauta ne a wurinmu, ko ba a hannunmu aka saya ba. Na sayarwa kuma mun raba su, mun ɗaura jan zare a kan na caji kaɗai. Idan za ku zo, ku taho da wayar tare da kebul ɗin da kuke amfani da shi a gida. Ranar Juma'a muna rufewa da azahar, mu sake buɗewa bayan an sauko daga masallaci.

Wassalam.

Masu shago da ma'aikatansu,
Garwa, Kamaru